Mai Ƙararrawa

Ni aka damƙa wa ƙararrawa.
Aikina a taron bai wuce wannan ba:
kowane masani minti goma sha biyar,
in ya zarce in kaɗa, ko gemunsa ya kai cibiya.

Zauren yana hanyar Dutsin-Ma.
Na'urar sanyi tana tari kamar tsohon mashin,
an jera ruwan gora, kowa da tasa,
a ƙyalle an rubuta Tattalin Arzikin Muhalli da Albarkatun Ƙasa,
harafin ƙarshe ya lanƙwashe bayan labule.

Farfesa Gide ya fara da gawo.
Ya ce sun taka gonaki tsakanin Kaita da Mashi,
sun auna ganyen da yake zubarwa da damina,
takin da yake yi wa gero, kwasfar da akuya ke ci,
inuwar ma sai da suka yi mata kuɗi.
Ya nuna jimla a allo, mai kauri.
Sannan ya ce mai gatari dubu tara yake bayarwa,
amma nan take, a tafin hannu,
ranar da yaro ke kwance asibiti.
Wasu suka yi dariya, wasu suka rubuta.
Na kaɗa.

Dakta Barira ta zo da yashi.
Tifa nawa ke fita daga gulbi kafin azahar,
nawa direba, nawa mai shebur, nawa mai rasit.
Ta ce wanda ya sayar da yashin
ba shi ne ruwa zai cinye wa gaɓar gona ba,
kuma babu layin wannan mutum a littafin kowa.
Na kaɗa mata ita ma, tana tsakiyar jimla.

Bayan shinkafa aka kaure da gardama
a kan yadda ake jawo gobe zuwa yau.
Wai amfanin da zai zo bayan shekara hamsin,
in an rage masa kashi goma kowace shekara,
sai ya iso hannunmu bai kai kuɗin goro ba.
Wani ya ce kashi uku.
Wani ya ce banki ba ya jin tausayi.
Wani dattijo daga baya ya tambaya
ko an aika wa waɗanda ba a haifa ba takardar gayyata.

Ta ƙarshe ɗaliba ce, Hurera daga Bindawa.
Shafi biyu ta nuna, man janareta ya ƙare.
Allo ya mutu. Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Ta buɗe jakarta ta jawo igiyar guga,
ta miƙa wa na gaba bakin, ta yi ta ja da baya.
Kaba ce daga farko, baƙa, ta sha hannu,
sai ƙulli, sai igiyar rama,
sai ƙulli, sai shuɗiyar roba ta kasuwa,
sai ƙulli, sai ƙulli.
Ta ce kowane ƙulli shekarar da ruwa ya ƙara nisa.
Igiyar ta wuce teburin shugaba, ta wuce kujerun baƙi,
har Hurera ta kai bakin ƙofa tana magana daga can.

Ubana mahaƙin rijiya ne a Ingawa.
Ba ya lissafi da kashi cikin ɗari, da gaba yake yi.
Gaba takwas shekarar da aka yi sunana.
Goma sha bakwai ranar da bayansa ya ƙi,
aka jawo shi sama da busasshen yumɓu a farce.

Minti sha biyar ya cika.
Sha takwas. Ashirin.
Shugaban zama ya dube ni, ya dubi agogonsa.
Na sa yatsa na riƙe harshen ƙararrawa.

Da aka watse, mata biyu masu shara
suka bi kujeru suna tsince gorunan,
suna juye ragowar ruwan cikin guda ɗaya.