Littafin Bashin Gwaggo Tsveta

A ƙauyenmu, can bisa duwatsun Bulgariya,
in ka tsaya bakin famfo ka ce "Stoyan!"
tagogi biyar za su buɗe.
Na shida kurma ne.
Na bakwai ya ji sarai, bashi ake bin sa.

Sunan na nufin tsaya, kada ka tafi.
Kakanninmu da suka gaji da haƙa ƙananan kaburbura
su suka riƙa raɗa shi, suna roƙo.

Gwaggo Tsveta mai kanti ta rasa yadda za ta raba su a takarda,
sai ta ɗauki wata dabara:
gefen kowane bashi
ta rubuta abin da mai shi ya faɗa a ranar.
Da ta cika, littafin ya faɗo hannuna,
yana warin sabulu da kananzir.

Gishiri kilo biyu. Stoyan mai tumaki:
"Karena ya fi ɗana sanin hanyar gida."
Ɗan yana Jamus yana ɗaure kwalaye.

Ƙusa, ashana, taba kara shida. Stoyan kafinta:
"Akwatin gawa ne kaɗai aikina
da ba a taɓa dawo mini da shi gyara ba."
A ƙasa ta ƙara da ƙaramin rubutu:
ya yi dariya, ni ban yi ba.

Sukari rabin buhu, tsakiyar hunturu,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.
Stoyan mai zuma, kansa a sunkuye:
"Bana ni ke ciyar da ƙudan.
Ki rubuta da sunansu, suna biya."

Stoyan direba bai cika cin bashi ba,
sau ɗaya ne, batir da burodi:
"Ina hawowa da wasiƙu, ina gangarawa da mutane.
Ban taɓa ganin motar da ta fi nishi a gangara ba
sai tawa."

Wurin kurma babu magana.
Ta zana hannu, yatsa ɗaya na nuna sama,
ɗaya na nuna aljihu.
Man girki kwalba uku. An soke duka.

Alli kwali guda. Stoyan malami:
"Yara huɗu suka rage mini.
Na raba su aji huɗu
don kada ƙararrawa ta rasa abin faɗa."

Sai na bakwai.
Shi kaɗai ya cinye shafi goma sha ɗaya.
"Gobe."
"Gobe, in tunkiya ta haihu."
"Jibi, don kada ki ce ba na sauyawa."
"Ashe har yanzu kina da wannan ɗankwalin?"
Shekara ashirin da biyu, cuku da reza da zare,
zaren ma ban san me tuzuru ke yi da shi ba.
Layin ƙarshe, alƙalamin ya ɗan karkace:
"Tsveta, in na biya, me zai kawo ni?"
Nan ba ta sa kuɗi ba.
Ba ta sa kwanan wata ba.

Na ɗauka na gama.
Ina shirin rufewa, bas na ta hon a dandali,
jakata na bakin ƙofa da tikitin komawa Madrid,
sai ga wani rubutu a bangon baya,
tawadar ta koɗe kamar ruwan shayi:

Alewa ɗaya, stotinki biyar.
Ƙaramin Stoyan, ɗan ƙanena, haƙoransa biyu sun faɗi:
"Ni in na girma babu inda za ni."

Ba a soke ba.

Na laluba aljihu, duk kuɗin wata ƙasa ne.
Na ajiye ƙwandala bisa sikelin,
allurar ko motsi ba ta yi ba.
Daga waje wani ya ƙwala kira, "Stoyan!"
Na ji taga ɗaya ta buɗe,
na tsaya ina jiran ta biyu.