Da Dala Ake Lissafi

Na sauka tashar Wadata da la'asar sakaliya,
jaka ɗaya, ƙamus ɗin Faransanci a hammata,
da ɗagawar wadda ta zo ta ɗaya a ajinsu a Zariya.
Mai tasi ya ce, "Arba'in."
Na ƙirgo sefa arba'in cif, tsaba-tsaba, na miƙa.
Ya dubi tafina, ya dube ni,
ya yi dariya har da dukan sitiyari:
"Baƙuwa, nan da dala muke lissahi."
Ban ga allo ba tukuna, an fara koya mini:
bakinmu ɗaya, amma arba'in ɗinsu ɗari biyu ce.

Wata uku aka ba ni.
Kullum da sanyin safiya ina bisa gada zuwa Harobanda,
raƙumi a gabana ɗauke da tabarmi, ba ya sauri don kowa,
ƙarƙashinmu kwalekwale na sauke kabewa,
masu wanki sun shanya wa gaɓar kogi riguna
kamar za ta je biki.
Na kan tsaya kallo. Na kan makara.

Mushe Tankari ba ya faɗa.
Sai ya ɗora alli a kan teburina, ya ce in sake.
Harafi guda, daga can cikin maƙogwaro,
na sake, na sake, har na koma kamar mai kuskure baki.
Aji ya fashe. Na ji hawaye na tahowa.
Ya ce, "Wanda bai yarda a yi masa dariya ba,
da harshen uwarsa kaɗai za a binne shi."

Ɗaki ɗaya muke da Cima, 'yar Tawa.
Ran nan ta ce, "Taho mu sha hura."
Na ce, "Fura ake cewa."
Ba ta ɗago ba, tana damu, ludayi na zagaye ƙwarya.
"Kakarki fa, mi take cewa?"
Na buɗe baki, na rufe.
Iya ta Ƙaura, Allah ya ji ƙanta,
hura ta ce har ta koma ga Mahaliccinta,
mu ne muka je boko muka dawo muna gyara mata.
Na sha hurar nan shiru. Ta yi tsami daidai.

A wata na biyu zazzaɓi ya kayar da ni.
Cima ta tafi gida suna, wuta ta ɗauke,
ƙamus na gefen katifa, bai san inda ke mini ciwo ba.
Inna Bibata mai dambu da zogale ce ta turo ƙofa,
Bazabarma, ba Hausa, ba Faransanci,
ni kuwa "fofo" kaɗai na mallaka a nata.
Ta jiƙa ɗankwalinta ta shimfiɗa mini a goshi,
ta zauna tana kore sauro har kiran assalatu.
Harsuna uku a ɗakin, duk sun yi barci.
Hannu ne ya kwana yana magana.

Yau aka ba mu takarda mai hatimi biyu.
Na naɗe ta cikin zane, kusa da kilishin tsaraba.
Har yanzu harafin nan na maƙale mini wani lokaci,
har yanzu ban san sunan tsuntsun da ke bin masunta ba,
kuma ban iya gode wa Inna Bibata yadda ya kamata ba,
na dai riƙe hannunta, na ce fofo, fofo,
ta tura mini ƙullin dambu cikin jaka.

Mai tasin da ya kai ni tasha ya ce, "Arba'in."
Na ba shi ɗari biyu ban ko duba ba.
Ya ce, "Ke ɗiyar wace unguwa ce?"
Gada na bayanmu, kogi ya yi ja da yamma.
Na daɗe ban amsa ba.