Rasit a Cikin Toka

Ranar Talata na kulle akwatin aikina
a sito na injin shinkafar Dadin Kowa.
Mai gadi ya ce, "Hammayo, bar su nan mana,
kai da gobe da sassafe za ka dawo."
Na jingine injin walda a jikin bango,
janareta na rufa masa tamfol,
na hau babur ina lissafin kuɗin Juma'a.

Na dawo, ba rufi, ba ƙyaure.
Kwano ya nannaɗe kamar tabarmar kaba.
Ɓuntu na ci a hankali har bayan azahar.
Kebur ɗina, yadi arba'in cif,
ya narke ya zama dunƙulen jan ƙarfe
wanda bai kai girman gwanda ba.
Shekara goma sha ɗaya na ɗauka da hannu guda,
da sauran ɗuminta.

An kafa rumfa, Alhaji Gidado na karɓar jaje.
Na shiga layi, na ce Allah ya mayar da alheri.
Ya amsa. Na fito.
Ni ba wanda ya ce mini kanzil.

Mutumin inshora ya iso daga Bauchi da fayil,
ya ƙirga buhu, ya ƙirga injin casa,
ya auna bango har inda ya tsage.
"Kai ma'aikaci ne?" Na ce ɗan kwangila.
Ya bi takarda da yatsa har ƙasa,
ya ce, "Wutar ta san ka, takardar ba ta san ka ba."

Manaja ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri.
Na yarda da ƙaddara tun ina rarrafe.
Amma wayar da ke tartsatsi a bayan mita,
wadda na nuna masa tun damina
ya ce a bari sai an gama kaka,
ita a wane babi za mu ajiye ta?

Barista Laraba, 'yar Kaltungo,
ofishinta a saman bene, fanka na kuka.
"Ina rasit?" Yana cikin akwatin.
"Ina akwatin?" Na buɗe mata tafin hannu.
"Yarjejeniya fa?" Na ce mun yi musafaha.
Ta cire tabarau ta murza ido:
"Musafaha ba ta da kwanan wata, Malam.
Miƙo wayarka."

Can ƙasa, tsakanin gaisuwar Juma'a da hoton ƙofa,
sai ga muryata ta watan takwas
tana cewa, Manaja, wayar nan za ta kashe mu.
Ga tasa a ƙarƙashi, daƙiƙa huɗu:
"Na ji, na ji."

Okoro na Tsohuwar Kasuwa ya jawo littafinsa
mai bango ja, da ɓera ya ɗanɗani gefensa.
Ga sunana, ga lambar inji, ga farashi,
ga kuma, da jan biro, saura dubu biyar.
Na je neman haƙƙina, na tarar da na wani a kaina.
Na biya. Ya sa hannu yana dariya.

Wata bakwai muna hawa muna sauka.
Yarona Bappayo ya gaji, ya koma acaɓa.
Daso ta sayar da tunkiyarta ba ta faɗa mini ba.
Aka zauna sulhu a zauren Jauro,
aka ce biyu cikin uku,
a kan farashin shekarar da na saya,
shekarar da buhun siminti bai yi girman kai ba.
Barista ta ce kotu za ta iya fin haka,
in ina da numfashin shekara uku.
Na tuna tukunyar gidana. Na dangwala.

Yanzu injina na hannu ne, yana tari da safe.
Duk yamma sai na ɗaure shi a bayan keke,
ko da gobe nan zan dawo.
Mai gadi ya kira ni mai zargi, na ce na gode.
Kafin in kunna wuta a gidan kowa
sai ya rubuta, na rubuta.

Takardun suna kan taga a ɗakina,
dunƙulen jan ƙarfen nan na danne su,
kar iska ta ɗauka.