Gafakar Makluf

Kakana Ɗan Tambari baduku ne a Bilbis,
nan Tawa, bayan rumfar masu jima.
Ya ɗinka wa malamai gafaka, ya ɗinka wa alƙalai,
duka an zo an karɓa, an biya, an yi godiya.
Guda ce ta kwana a rataye shekara saba'in.

Makluf sunan mai ita. Bayahude, maƙerin azurfa.
Ya biyo raƙuman dabino daga arewa,
ƙafa ta kumbura, ayari bai jira ba.
Da ƙafar ta warke ya riga ya san kuɗin hura
da sunan kowace rijiya.

Kakata ta ce ran Juma'a da almuru
yakan kunna fitila biyu, ya rufe maƙera.
Ran Asabar ko matar kwamandan ce ta aiko da awarwaro
sai ta jira Lahadi.
Yaran unguwa ke hura masa wuta,
yana biyan su da dabino, uku uku.

Wata addu'arsu, in ji shi, sai da maza goma.
Yakan ƙirga a yatsu: ni.
Sai ya tsaya nan, babban yatsa a miƙe,
ya yi dariya ya koma kan zuga-zugi.

Littafin ƙarami ne, tafin hannu ya fi shi.
Daga dama yake farawa kamar namu,
amma baƙaƙen a tsaye suke, kowa da gidansa,
ba mai riƙe hannun wani.
Liman Attahiru ya juya shi, ya sake juyawa,
ya ce, ɗan'uwan rubutunmu ne da ya yi nisa da gida.

Makluf ya taɓa ce wa kakana:
mu mutanen gefen tabarma ne.
Kakannina sun biya haraji ga Rum
a wani lardi da sarkin Rum bai taɓa takawa ba.
Rum ta kwashe, ta bar duwatsu da awaki.
Ku ma Adar kun kai gaisuwa Agadas,
yau ga Nasara da takardar lanho.
Mai doki wucewa yake, Ɗan Tambari,
mai rijiya ke kwana.

Ya kawo littafin ran Alhamis, bango ya ɓalle.
Ya zaɓi jar fata, ya ce kada a sa ado.
Zazzaɓi ya riga Lahadi zuwa.
An rasa wanda ya san yadda ake yi wa irinsa,
aka sa shi gabas da tsamiya, shi kaɗai,
kakana ya aza dutse don kada a manta wurin.

Bara na ɗauki gafakar zuwa Yamai.
Wata malama a jami'a, gilashinta ɗaure da zare,
ta ce tsakiyar addu'o'i ne, an san su ko'ina.
Gefen shafi ta tsaya kallo.
Nan hannun Makluf ne, siriri, da tawadar gawayi:
bashin Tamo, dala huɗu.
Gero ya hau.
Haƙorina na hagu.
Sai a shafi na ƙarshe, layi uku:

Ruwa ya sauka Adar daren Talata.
Na tashi in gode da harshen ubana,
kwaɗin Babaye suka cika mini goma.

Ta ce in bar shi, suna da ɗaki mai sanyi.
Na ce ba nawa ba ne.
Aiki ne da aka kawo, ba a karɓa ba,
kuma ba a biya kuɗin ɗinki ba.

Yana nan a ƙusar da kakana ya kafa.
Duk damina ina shafa wa fatar man shanu.
In kwaɗi suka fara, nakan bar ƙofa a buɗe.