Dutsen Guga

Inna Zuwaira ta raine ni a Kejetiya.
Ta ce kaya sai an taɓa, an juya,
a yi kamar za a tafi,
mai kaya ya ce dawo mu shirya.
Yau kasuwar ta shige aljihuna.
Wa zai kira ni in na ba da baya?

Dutsen gugana ya mutu,
ɗinkin mutane tsibi a kan tebur.
Shagon farko a waya, sidi ɗari uku,
hoto sai ƙyalli kamar goshin ango.
Na biyu ya rage hamsin,
ya ɓoye ta cikin kuɗin kawowa.
Araha mai wutsiya, na gan ki.
Na uku yana Adum, bai iya hoto ba,
amma ya yarda in biya in kaya ya iso.

Na bar shi kwana biyu a kwando,
tafiyar Inna ke nan ta zamani.
Ran Laraba ya sauko da talatin.

Kwabena mai babur ya iso Aboabo,
gumi har wuya, yana sauri.
Na ce sai na gwada.
Ina jonawa aka ɗauke wuta.

Muka zauna bakin shago.
Na sayo masa koko da ƙosai,
ya lissafa mini ramukan titin Tafo.
Da wuta ta dawo na yayyafa ruwa,
dutse ya ce cau!
Sannan na tura kuɗi.

Cikin talatin ɗin nan, goma ta bi ƙosai.
Da Inna na raye,
da ta ce albarka.