Ƙwaya Goma Sha Ɗaya

A aljihun rigar sanyinka na same su, Barau,
ƙwaya goma sha ɗaya, har sun yi laushi,
sun cakuɗe da ɓawon gyaɗa da rasit ɗin Farin Gada.

Kowace safiya kakan ɗaga kofi a gabana,
maƙogwaronka ya motsa,
ni kuwa in ja layi da alli a bayan ƙofa.
Ashe ruwa nake ƙirgawa.

Ka ce ai ka warke,
buhun dankali ma kana ɗagawa yanzu.
Ka ce maganin na tayar maka da zuciya,
yana kumbura maka ido
har masu saye su zaci kuka ka yi.

Likitar Lamingo ba ta ɗaga murya ba.
Takardar gwaji ta juyo mana:
lambar da ta shekara biyu tana gangara
ta sake kama tudu.
"Sankarar jini barci take yi," in ji ta,
"ƙwayar nan ce ke hana ta farkawa."

Yau sanyi ya sauko daga dutsen Shere.
Na ɗumama ruwa, na goge allin duka.
Haɗiye.
Buɗe bakinka in gani.