Maƙogwaron Ƙarfe

A Geelong, a garejin Dragan,
inda iskar teku ke cin ƙarfe a ɓoye,
na kwanta ƙarƙashin motar da Baba ya bar min.
Silinda shida a jere,
kamar 'yan'uwa masu jiran a zuba abinci.

Na ce salansa mai inci huɗu nake so.
In ta yi ruri, a ji ta har tashar jiragen ruwa.

Dragan bai tanka ba. Ya goge hannu a wando,
ya miƙo min guntayen bututu biyu.
"Hura wannan." Siriri ne, kumatuna suka cika fam.
"Hura wancan." Na hura, iskar ta ɓace
kamar sallama a gidan da ba kowa.

"Tegan," in ji shi, "hayaƙi ma matafiyi ne.
Ki matse masa hanya, ya dawo ya shaƙe injin.
Ki sakar masa fili, ya huce, ya yi kasala,
ki taka totur a danja
mota ta tsaya tana tunani."

Biyu da rabi Baba ya saka, tun kafin zuwan tarbo.
Yanzu huhun ya ƙaru.
Muka yi lissafi a bayan tsohon rasit:
ƙarfin injin, da lanƙwasa uku kafin tayar baya.
Uku ya fito. Na haɗiye sauran maganata.

Da magariba walda ta huce.
Na murɗa makulli.
Ba ruri ba ne.
Murya ce can ƙasa,
irin gyaran muryar Baba
kafin ya faɗa min abin da ba na son ji.